Lamba a Wutsiyar Jirgi: Tarihin Jiragen Yaƙin da Suka Faɗo a Ƙasarmu

Belel gari ne na bakin iyaka, a ƙaramar hukumar Maiha ta jihar Adamawa, kudu da Mubi, Kamaru kuma tana daga gabas. Kakannin mutanen wannan yanki sun ga tuta ta sauya a kansu ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Jamus ta riƙe Mubi da kewayenta a cikin Kamaru har zuwa yaƙin duniya na farko. Garwa ta faɗa hannun Ingila da Faransa a watan Yunin 1915, Jamusawan da suka ƙi saukowa daga dutsen Mora suka miƙa wuya a Fabrairun 1916. Bayan yaƙin Ingila ta riƙi yankin har zuwa ƙuri'ar raba-gardama ta Fabrairun 1961, wadda ta haɗa shi da Najeriya. Wannan tarihi an rubuta shi, ana kuma koyar da shi a makarantu.

Akwai wani tarihin da ya bi ta sama, shi kuwa kaɗan ne daga cikinmu suka san shi. Daga 1940 zuwa 1943, a zamanin da dattawa ke kira yaƙin Hitila, jiragen yaƙi sama da 5,000 sun ratsa sararin Arewa. Daga Kano su nufi Maiduguri, daga Maiduguri su tsallaka Fort Lamy, wato Njamena ta yau, arewa da ƙasar Mubi. Ba dukkansu suka kai inda aka aike su ba. Waɗansu sun yi saukar dole a gonakin dawa, waɗansu sun ƙone a daji, waɗansu sun ɓata a hamada. A yau akwai masu bincike a Turai da Amurka da suka ba da rayuwarsu ga aiki ɗaya: su ɗauki tsohon hoton jirgin da ya faɗi, su bi diddiginsa har su gano wane jirgi ne, wace rana ya faɗi, su wane ne a ciki. Takardun da suke dogara da su suna can. Amma rabin amsar da suke nema tana nan wurinmu, a bakin dattawa da cikin adakar gidajenmu, kuma tana ƙarewa da ƙarewar masu ita.

Yadda hanyar ta samu

Ranar 1 ga Nuwamban 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku samfurin DH.9A na sojan saman Ingila suka sauka a filin wasan dawaki na Kano. Su ne jiragen sama na farko da birnin ya gani. Sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira, suka bi kogin Nilu zuwa Khartoum, suka yanko yamma ta El Fasher da Fort Lamy da Maiduguri. Jagoransu wani hafsa ne ɗan shekara 30 mai suna Arthur Coningham, wanda ya tashi a New Zealand. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu da fasinja a kan wannan hanya tsakanin Khartoum da Kano, kafin shekarar ta ƙare ya kai har Ikko.

Yaƙi ne ya mai da wannan siririyar hanya babbar gwadabe. A watan Yunin 1940 Italiya ta shiga yaƙin a gefen Jamus, Faransa kuma ta faɗi. Tekun Bahar Rum ya zama wurin da jirgin ruwan Ingila ba ya ratsawa cikin aminci, ga shi kuwa sojojinta da ke Masar suna matuƙar bukatar jiragen sama. In an zaga da su ta ƙarshen Afirka ta Kudu, tafiyar makonni ce masu yawa. Sai aka yi dabara: a kawo jiragen a wargaje cikin manyan akwatunan katako zuwa tashar ruwa ta Takoradi a Gwalkwas, Ghana ta yau, a harhaɗa su a can, sannan a tuƙa su ta sama a ratsa Afirka.

Dabarar ba ta yiwuwa sai da yardar Chadi, wadda ke hannun Faransa. Gwamnan Chadi a lokacin baƙar fata ne, Félix Éboué, haifaffen Guyana ta Faransa. Ranar 26 ga Agustan 1940 ya bayyana cewa shi da ƙasar da yake mulki suna tare da Janar de Gaulle, ba sa bin gwamnatin Vichy da ta yi sulhu da Hitila. Washegari hafsan de Gaulle mai suna Leclerc ya karɓi Duwala, Kamaru ma ta bi sahu. Ke nan Garwa, maƙwabciyar Belel, ta koma gefen masu yaƙar Jamus, Nijar kuwa, da Maraɗi da Damagaram, ta zauna a hannun Vichy har zuwa Nuwamban 1942.

A watan Satumban 1940 ayari na farko ya tashi daga Takoradi: jirgin Blenheim ɗaya mai inji biyu, da ƙananan jiragen Hurricane shida a bayansa. Haka tsarin ya ci gaba. Blenheim ne ja-gaba, domin shi ke ɗauke da mai duba taswira da mai rediyo. Matuƙin Hurricane shi kaɗai ne a jirginsa, aikinsa ya kafa ido a kan na gaba, kada ya kuskura ya ɓace masa. Zango na farko Ikko, na biyu Kano, sai Maiduguri, Fort Lamy, El Geneina, El Fasher, Khartoum, sannan a bi Nilu zuwa Masar. Tafiyar kusan kilomita 6,000 ce, ana yin ta cikin kwana shida in komai ya tafi daidai.

Abin da ke kayar da su

Yawancin jiragen da suka faɗi a wannan hanya ba harbo su aka yi ba. Da hunturu, hazo kan rufe sama da ƙasa har matuƙi ya kasa bambance kogi da hanya. Da damina, hadarin da ke tasowa daga gabas kan tare ayari gaba ɗaya, ya watsa shi. Ƙura tana shiga inji tana cin sa, zafi yana tafasa mai, ga tazara mai tsawo tsakanin fili da fili. Wanda ya kauce arewa daga Kano ya faɗa ƙasar Vichy, inda ake tsare sojan Ingila. Wanda ya kauce kudu daga Maiduguri ya tarar da duwatsun Mandara a gabansa. Saboda yawan saukar dole ne aka riƙa shafa wa bayan ƙananan jiragen da wutsiyarsu farin fenti, don masu nema daga sama su hango su a cikin jan ƙasa da busasshiyar ciyawa. Waɗanda suka isa Masar lafiya ma sai an sake duba injinsu kafin su shiga fagen fama.

Jamus ta san amfanin hanyar, ta kuma taɓa kai mata hari. A watan Janairun 1942 wani jirgin Heinkel 111 ya taso daga wani ƙaramin fili a kudancin Libiya, ya ratsa hamada, ya zuba bama-bamai a filin jirgin Fort Lamy, ya ƙone man jirgi mai yawa. Wanda ya shirya harin, Theo Blaich, ya san yankin domin ya yi noma a Kamaru kafin yaƙi. A hanyar komawa mai ya ƙare musu, suka sauka a tsakiyar hamada, suka yi kwanaki suna lallaɓa ɗan ruwan da ya rage, har wani jirgin Italiya ya hango su, aka kawo musu mai suka tashi.

Daga ƙarshen 1941 Amurkawa suka shigo. Kamfanin Pan American ya karɓi aikin faɗaɗa filaye da jigila, Kano da Maiduguri suka cika da baƙi. Manyan jirage suna tasowa daga Amurka su bi ta Brazil da tsibirin Ascension su sauka Accra. Ƙananan kuwa jirgin ruwa mai ɗaukar jirage, Ranger, ya kawo su bakin tekun Gwalkwas, 68 a watan Mayun 1942, 72 a watan Yuli, duka samfurin P-40, suka tashi daga kansa suka kama hanyar Kano. Jiragen da suka bi ta kanmu na daga cikin waɗanda suka rinjayi sararin sama a yaƙin El Alamein na Masar a ƙarshen 1942. Kwamandan sojan saman hamada a wannan yaƙi shi ne Coningham, mutumin da ya sauka Kano a 1925. Ƙarshensa kuma irin na mutanen da wannan tarihi ke nema ne. Ranar 30 ga Janairun 1948 jirgin fasinja Star Tiger da yake ciki ya ɓace a tekun Atlantika tsakanin Azores da Bermuda, da mutum 31, ba a ga ko ƙyallensa ba.

A tsibirin Malta akwai ginshiƙin tunawa da aka buɗe a 1954, mai ɗauke da sunayen sojojin sama kusan 2,300 waɗanda ba su da sanannen kabari. A cikinsu har da waɗanda suka tashi daga sansanonin Afirka ta Yamma. Kowane suna a nan tambaya ce da wani gida ya yi ta yi har tsofaffinsa suka ƙare.

Yadda ake karanta tsohon hoto

A ce ga hoto a hannunka, fari da baƙi, gefensa ya ci, jirgi ya kifa hanci a ƙasa, mutane sun kewaye shi. Mai bincike ba ya fara da fuskokin mutane. Yana fara da ƙirar jirgin. Inji nawa ne? Mai faɗin goshi ne zagayayye irin na Blenheim, ko mai tsinin hanci irin na Hurricane? In akwai wani kumburi a ƙarƙashin hancin Hurricane, matatar ƙura ce da ake sa wa jiragen ƙasashen zafi, ke nan mai yiwuwa ba a Ingila aka ɗauki hoton ba. In an ga tankunan mai na ƙari a ƙarƙashin fukafukai da farin fenti a wutsiya, to jirgin yana kan doguwar hanya ne. Farfela ma tana magana: yadda ta lanƙwashe yana nuna ko injin yana aiki lokacin da jirgin ya taɓa ƙasa ko ya riga ya mutu.

Sai tambari. Jiragen Ingila suna da da'ira mai shuɗi da fari da ja. A tsakiyar 1942 aka sirantar da farin zoben da ke cikinta, saboda haka faɗin zoben kaɗai ya isa a ce hoton kafin lokacin ne ko bayansa. Tauraron Amurka yana da jan ɗigo a tsakiya har zuwa Mayun 1942, aka cire shi don kada a ɗauke shi jan tambarin Japan, a tsakiyar 1943 kuma aka ƙara masa fararen sanduna biyu a gefe.

Amma uwa uba ita ce lamba. Yadda makiyayi ke gane saniyarsa a tsakiyar garken wani da shaidar da ke kunnenta, haka kowane jirgi ke da lambar da babu mai irinta. Ta Ingila tana jikin jirgi dab da wutsiya, da ƙananan baƙaƙe: harafi ɗaya da alƙaluma huɗu a farkon yaƙi, daga baya haruffa biyu da alƙaluma uku. Manyan haruffan da ke gefen da'ira na runduna ne, su kan sauya, jirgi ya faɗi a ba wani harafinsa. Jiragen da ke kan hanyar Takoradi ma yawanci ba su da su, domin ba a riga an raba su ga runduna ba. Ta Amurka tana kan wutsiya, alƙalaminta na farko yana nuna shekarar da aka ba da kuɗin ƙera jirgin. Matsalar ita ce, sau da yawa wani ya tsaya daidai gaban lambar, ko wuta ta cinye ta, ko ma'aikacin tace labarai na lokacin yaƙi ya goge ta da gangan. Alƙaluma biyu da suka leƙo ta bayan kafaɗar wani sukan zama aikin watanni.

In lamba ta samu, sai takardu. Gidan tarihin sojan saman Ingila da ke Hendon yana ajiye da katin kowane jirgi, mai nuna ranar da aka karɓe shi da inda aka tura shi, da kuma katunan haɗari masu bayanin abin da ya faru da sunan matuƙi. Ma'adanar takardun gwamnati da ke Kew tana da littattafan da kowace runduna da kowane sansani ke rubuta aikin kowace rana, da fayilolin waɗanda suka mutu ko suka ɓata. Amurka ta fara rubuta rahoto na musamman a kan kowane jirgin da ya ɓace daga 1943. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila tana da suna da shekaru da wurin kabari. In waɗannan suka haɗu a kan rana ɗaya da wuri ɗaya, an gano jirgi.

Nan ne kuma takarda ke gazawa. Magatakardan da ke zaune a Takoradi ko Khartoum yakan rubuta cewa jirgi ya faɗi mil kaza daga Maiduguri, ko ya rubuta sunan ƙauye yadda kunnensa ya ji, har mai ƙauyen ma ba zai gane shi ba. Mai bincike a London yana ganin dutse a bayan hoto, dutse kawai yake gani. Mutumin Maiha ko Michika ko Gwoza yana iya kallon hoton nan ya faɗi sunan dutsen da gefen da aka tsaya aka ɗauka. Yana gane giginya da kuka da ƙirya. Yana gane jinkar ɗakin Margi da ta Fulani, hular Barebari, rawanin dogari. In ya ga karan dawa a tsaye ba kai, ya san bayan girbi ne. Wannan ilimi ba ya cikin fayil ko ɗaya.

Jirage biyu da Sahara ta ajiye

Misali biyu daga hamadar da ke arewa da mu sun nuna yadda aikin ke tafiya da abin da ke ɓata shi.

Ranar 4 ga Afrilun 1943 wani babban jirgin Amurka samfurin B-24, wanda mutanensa suka sa wa suna Lady Be Good, ya tashi daga Soluch a Libiya don kai hari Naples. A dawowa cikin dare ya wuce sansaninsa bai sani ba, ya yi ta nausawa kudu. Aka ɗauka ya faɗa teku. Sai a Nuwamban 1958 masu neman man fetur suka hango shi daga sama, kimanin kilomita 700 daga gaɓar teku. Da aka isa wurin a 1959 aka tarar ya karye biyu, amma sunansa na nan a hanci, lambarsa 124301 na nan a wutsiya, rediyonsa yana aiki, ba kowa a ciki. Lambar ce ta kai masu bincike ga sunayen mutum tara, ƙarƙashin matuƙi William Hatton. Sun yi tsalle da laima kafin mai ya ƙare. Ɗaya laimarsa ba ta buɗe sosai ba. Takwas suka haɗu suka nufi arewa da ƙafa da rabin gorar ruwa, suna barin takalma da yankakken ƙyallen laima a hanya don mai nema ya bi sawu. Sun yi tafiyar sama da kilomita 100 kafin biyar su kasa, uku suka ci gaba. A 1960 aka tsinci gawarwakin takwas daga cikin taran, har da wanda laimarsa ba ta buɗe ba, tare da ɗan littafin da mataimakin matuƙi Robert Toner ya riƙa rubuta abin da ke faruwa kowace rana. Na taran, Vernon Moore, ba a same shi ba.

Na biyu ya fi kusa da zamaninmu. A 2012 wani ɗan Poland mai aikin neman mai, Jakub Perka, ya ci karo da jirgin Kittyhawk a hamadar yammacin Masar, yana zaune a kan duwatsu kusan yadda ya sauka. Ya ɗauki hotuna, suka bazu a intanet. Daga inuwar haruffan da rana ba ta gama cinyewa ba da sauran alamomi aka kai ga cewa jirgin runduna ta 260 ne, mai lamba ET574, wanda ya ɓace ranar 28 ga Yunin 1942 a hannun Dennis Copping, ɗan shekara 24, yana kai shi wurin gyara. A gefen jirgin an ga ragowar laima da alamar an yi rumfa da ita, an ga rediyo da batir an ciro su waje, alamar mutumin ya sauka da rai ya kuma yi ƙoƙarin neman taimako. Gawarsa ba a tabbatar da ita ba. Bayan hotunan sun fita, masu zuwa kallo suka farfasa gilasai suka kwashe kayan ciki. Da aka kai shi gidan tarihi na El Alamein, sai aka shafe shi da sabon fenti da zanen da ba nasa ba. Hotunan farko na Perka su ne yanzu shaida mafi inganci a kan yadda jirgin yake.

Daga Yola, 2014

Mutumin Adamawa ba sai an kai shi Masar ba kafin ya san zafin jirgin da ya tashi bai dawo ba. Ranar 12 ga Satumban 2014 jirgin Alpha Jet na sojan saman Najeriya ya tashi daga Yola da hafsoshi biyu zuwa fagen yaƙi da Boko Haram, aka neme shi aka rasa. A farkon Oktoba ƙungiyar ta fitar da bidiyo mai nuna tarkacen jirgi da wani mutum da ta ce matuƙinsa ne, wanda ta kashe. Daga baya aka san shi ne Wing Kwamanda Chimda Hedima. Kafin watan ya ƙare, ranar 29 ga Oktoba, Mubi kanta ta faɗa hannun 'yan ƙungiyar, mutane suka watse zuwa Yola da Kamaru, sai a Nuwamba aka ƙwato ta.

Ranar 31 ga Maris ɗin 2021 wani Alpha Jet, mai lamba NAF 475, ya ɓace a Borno da matuƙa biyu, John Abolarinwa da Ebiakpo Chapele. Nan ma bidiyo ya fito na masu cewa su suka harbo shi, rundunar sojan sama ta ce an haɗa shi ne da hotunan ƙarya. Sai bayan shekara guda, a Maris ɗin 2022, sojoji suka tarar da tarkacen a dajin Sambisa. Tambayoyin da aka yi wa wannan bidiyo su ne dai waɗanda ake yi wa hoton 1942: ina lamba, wane samfuri ne, wace ƙasa ce a baya, wa ya ɗauka, don me ya ɗauka. Hoto shaida ne, amma shaidar da sai an yi mata tambaya, domin mai yaƙi yana ɗaukar hoto ne don ya ci riba da shi.

Mutanen da ke gefen hoto

Akwai abin da ya kamata ya dame mu a tsofaffin hotunan nan. A ƙarƙashinsu akan rubuta samfurin jirgi da sunan hafsan Bature. Baƙaƙen da ke ciki, masu fasa akwatuna a Takoradi, masu mirgina gangunan mai a Kano, masu sassabe da daɓe fili a Maiduguri, ba a cika rubuta sunan ko ɗaya ba. Alhali kuwa in jirgi ya faɗi a daji, wanda ke fara isa wurin makiyayi ne ko manomi ko maharbi. Shi ke kai wa jauro labari, jauro ya aika wa hakimi, hakimi ya tura ɗan aike wurin Di'o. Mutanen ƙauye ke ba wanda ya tsira ruwa, su ɗauki mai rauni a kan gadon kara, su yi gadin tarkace, su haƙa kabari.

Gudummawarmu ba ta tsaya nan ba. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Lamiɗon Adamawa Muhammadu Mustafa, sarakuna da talakawa sun tara kuɗin taimakon yaƙi, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, tana kai wa jama'a labarin fagen fama. Saboda kuɗin da aka tara, runduna ta 91 ta sojan saman Ingila ta ɗauki sunan Najeriya, har akwai jirgin Spitfire da aka rubuta wa sunan lardin Oyo a jiki. Daga 1942 zuwa 1944 an kwashi dubun dubatar talakawan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos ta hanyar ɗiban gwamna, da yawa ba su dawo ba. Samarinmu kuma sun shiga soja suka je Habasha da ƙasar Bama, wadda yau ake kira Myanmar. A kwarin Kaladan a 1944, runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta dogara ne da abinci da harsashin da jirage ke jefo mata da laima. Tsofaffin sojojin nan sun dawo da lambobin yabo da takardun sallama, waɗansu da hotuna, kuma irin waɗannan hotuna ne ake samun jirgi a bayansu.

Saboda haka aikin gano jirgi aiki ne mai fuska biyu. In ɗan Ingila yana neman inda kawunsa ya faɗi, mu ma muna da hakkin sanin sunan kakan da ke tsaye a gefen fiffike da gatari a kafaɗa. Ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna tana ajiye da fayilolin larduna, har da na Adamawa da Borno da Kano, inda rahotannin Razdan da Di'o suke. Arewa House ma tana Kaduna. Jami'ar Jihar Adamawa tana Mubi, Jami'ar Modibbo Adama tana Yola, dukkansu da ɗalibai masu neman abin da za su yi bincike a kai. Ɗalibin da ya ɗauki fayil daga Kaduna, ya haɗa shi da katin haɗari daga Hendon, sannan ya zauna gaban dattijo a ƙauyen da abin ya faru, zai fito da abin da babu wani mai bincike na waje da zai iya shi kaɗai.

Lokaci kuwa ba ya jira. Yaron da ya ga jirgi ya faɗo a 1942 yana ɗan shekara 10, yau ya haura 90. Rikicin shekarun nan ya ƙone gidaje da takardu, ya raba tsofaffi da garuruwansu. Ƙarfen jirgi ma ba ya zama a daji: tun a wancan zamani maƙera suna son farin ƙarfensa don cokali da ludayi da tukunya, yau kuma 'yan gwangwan ba sa barin ko ƙusa. Wanda ya san inda wani tarkace yake, ya ɗauki hotonsa daga kowane gefe kafin a taɓa shi, ya nemi ƙaramin allon ƙarfe mai lamba a jikin inji ko fiffike ya ɗauke shi kusa-kusa, ya rubuta sunan wurin. In ya ga harsashi ko abin da ya yi kama da bam, kada ya taɓa, ya sanar da hukuma, domin tsufa ba ya hana su tashi. Wanda ke da tsohon hoto a gida ya ɗauki gabansa da bayansa da waya, tun da rubutun baya yakan fi na gaba amfani. Wanda ke da kaka mai tuna shekarar da jirgi ya faɗo, ya kunna waya ya ce, “Baba, a wace gona ce? Da damina ne ko da rani? Wa ke sarauta? Su wa suka fara zuwa?” Ya bar shi ya faɗi sunayen ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta su da sunayen iyayensu da unguwanninsu, ya kai kwafi makaranta ko fadar hakimi inda wani zai same su. Turawa sun adana lambobin jiragensu sama da shekara 80, shi ya sa har yau suke gano mutanensu. Sunayen namu mutanen, in ba mu rubuta su a wannan ƙarni ba, babu wata ma'adana a duniya da za a je a same su.